Kwalbar Turare Ta Kai Ni Ƙasa

A majalisarmu ta wajen Wunti, in ana maganar dara ba a tsallake sunana. Rami talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa sha biyu, kuma na manta rabon da wani ya tashe ni daga tabarma. Shi ya sa da ɗan ƙanwata ya zo hutu Bauchi ya miƙo mini waya yana cewa, "Kawu, ga ces, darar Turawa, ko za ka gwada?" sai na karɓa da hannun hagu.

Yaron nan tun da ya ji labarin Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana buga wasan a birnin New York a 2024, ya hana uwarsa sakat. Ya koya mini tafiyar kowane ɗa a tsaitsaye, sannan ya nuna mini wani tarko. 'Ya'ya bakwai ne kacal a gida 64, kowane gida da sunansa na harafi da lamba. Baƙin sarki yana lungu a a8, bishof ɗinsa mai tafiya a karkace a b8, kurata biyu a gabansa, a7 da b7. Ni mai fari ina da sarki a c8, kurtu a b6, sai hasumiya mai tafiya a miƙe can ƙasa a a1. Sharaɗi: in taka, baƙi ya taka, in sake takawa sarkinsa ya rasa mafita. Taku biyu.

"Kafin shayin nan ya huce," na ce masa.

Shayi ya huce har ya yi fata.

Mai dara abu ɗaya ya sani, ci. Na ɗauki hasumiya na cinye kurtun a7, bishof ya lashe ta. Na ci da kurtu, bishof ya lashe shi ma. Na ce to bari in yi lamɓo, na matsa hasumiya gida ɗaya ina jira, sai baƙi ya turo kurtunsa a6 ya zauna daram kamar mai karɓar haraji. Yaron yana gefe yana danne dariya. Wai wani Ba'amurke ne, Paul Morphy, haifaffen 1837, ake cewa ya ƙirƙiri tarkon tun yana ɗan yaro. Wannan bayanin bai taimake ni da komai ba, sai ƙarin zafi.

Washegari uwargida ta aike ni sayen masa. Na hau Keke Napep kaina a kan waya, ban ɗago ba sai da direba ya ce, "Alhaji, nan fa Yelwa ne, ƙarshen tafiya." Na biya kuɗin zuwa, na biya na dawowa, na iso gida da roba wayam, an riga an karya da sauran tuwon jiya. Da dare ina sallar isha'i a ɗaki na kasa tuna ko raka'a uku na yi ko huɗu, sai da na ƙara ɗaya na yi ba'adi. Astagfirullah, bishof ne ya tsaya mini a rai.

Aka ɗauke wuta, waya ta mutu. Wani zai ce Allah ne ya kawo masa sauƙi ya je ya kwanta. Ni kuwa na yago kwali, na zana gidaje da biro a hasken tocila. Batura biyu suka zama sarakuna, ƙwallon dabino kurata, murfin lemo bishof. Hasumiya ce na rasa, sai na lallaɓa na ɗauko 'yar kwalbar turaren uwargida daga gaban madubi.

Ashe ina magana ni kaɗai ban sani ba. Wajen ƙarfe ɗaya na tuna da ɗan ces mafi ƙarfi, na yi ajiyar zuciya na ce, "Kai, da ina da sarauniya da tuni na huta."

Sai na ji gado ya motsa.

"Malam, wace ce sarauniyar?"

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na nuna kwali. Ta ce daman ta lura kwana biyu ba na cin abinci, ina ta murmushin takaici ga waya, kuma masa ma ta gagare ni, to in dai aure zan ƙara in faɗa mata da bakina, kada ta ji a gidan biki. Da ƙyar ta yarda ta sauko ta zauna, ita ma don ta ga kwalbarta ne a ƙasa.

Na maimaita mata duk abin da yaron ya koya mini, har da ƙarin gishiri. Ta yi shiru tana kallo, ta tambaya, "Shi baƙin dole ne ya motsa, ko ba ya so?"

Na ce dole.

"Kuma kullum wannan dabinon yake turowa nan?"

Na ce shi fa.

Ta ɗauki kwalbar ta dangwarar a a6, daidai inda yake zuwa. Na tuntsire da dariya, na ce ai kyauta kika ba shi, kurtun b7 zai cinye. Ta ce, "Ya ci mana, turarenka ne?"

Na cinye don in nuna mata kuskurenta. Ina ɗauke dabinon daga b7 sai na ga hanya ta buɗe: kurtuna ya hau b7, sarkina yana tsaronsa, baƙin sarki kuwa nasa ne suka toshe shi ta ko'ina. Na mayar da sauri, na ce to in bishof ya motsa fa? Hasumiya ta ci a7, kurtun b6 yana bayanta, shi ke nan. Kurtun a7 ɗin ma ba shi da ikon cin nawa, don yana gusawa ya bar sarkinsa a bakin hasumiya. Na juya ta kowace fuska, babu ƙofa. Ta karɓe kwalbarta, ta goge da gefen zani, ta koma ta kwanta.

Da safe na samu yaron a zaure, na gyara murya na ce, "Hasumiya zuwa a6. Abin ai ba wuya, lokaci ne ban samu ba."

Ya ce, "Haka ne, Kawu. Anti ta kira Mama tun da asuba."

Da yamma ya turo sabo, mai taku uku. A wayarta ya turo.