Tunjere bai tsaya a ƙasashen Turawa ba

Wani labari da na karanta ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 8 sun kamu da tunjere, cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, a 2022, amma bai faɗi yadda cutar ke ɓuya a tsakaninmu ba. Akwai kuma wani da ya ce wai wannan matsalar Amurka ce; malam, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. A wurinmu komai ciwon sanyi ake ce masa, a tafi kemis a sayi kafso biyu, ko a karɓi garin magani wajen mai lasifika a tasha. Shi kuwa gyambon tunjere na farko ba ya zafi, yana bushewa da kansa, sai mutum ya ɗauka ya warke alhali ƙwayar na cikin jini. Abin da ya fi ƙona min rai jarirai ne: ɓari, haihuwar gawa, a ce iska ce. Gwajin ɗigon jini a awon ciki da allurar penisilin sun isa su ceci ɗan. To in an yi wa matar allura, wa zai kawo mijin da abokiyar zamanta asibiti?