A ba Ƙoƙi baki ta faɗi nata

Duk wanda ya tashi a Sakkwato kafin wayar hannu ta ƙwace mana hirar dare ya san Ƙoƙi, matar Gizo. Ita ke daka, ita ke tuwo, ita ke shan kunya duk ranar da kwaɗayi ya ja wa mijinta duka. Ina yaro na taɓa tambayar kakata abin da ya hana Ƙoƙi yin yaji. Ta ce, "Kai dai saurara, ba a yi ma tatsuniya tambaya." Na yi shiru, amma tambayar ba ta rabu da ni ba.

A Turai da Amurka, irin wannan tambaya ita ke haifar da littattafan da ake rububi yanzu. A 2018 Madeline Miller ta ɗauki Circe, matsafiyar da ke mayar da maza aladu a tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer, ta bar ta ta ba da labarin rayuwarta da bakinta. A 2024 Percival Everett ya fitar da James, inda bawan da ke rakiyar yaro a tsohon labarin Mark Twain ya zama shi ne mai magana, littafin kuma ya ci lambar yabo ta Pulitzer ta Amurka a 2025. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da marubutanmu za su yi wa tatsuniyoyinmu wannan hidima.

Wani zai ce kwaikwayon Nasara ne. To ya buɗe Magana Jari Ce. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da littattafan Turawa da wasu wurare, ya naɗa musu rawani, ya sa su a bakin aku, har yau yaro na karantawa ba tare da ya ji ƙanshin baƙunta ba. Idan na aro ya karɓu haka, ina ga na gida? Kuma namu a ajiye yake. Littafin tatsuniyoyi da Baturen mulkin mallaka Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawan abin da ke ciki malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta shi da ajami. Rumbu ne cike, mun bar wa masu neman digiri makullinsa.

Sai dai sabunta labari ba shi ne a miƙa wa Gizo waya a ɗora shi kan kabu-kabu ba. Wannan canjin riga ne kawai. Aikin yana inda tatsuniya ta yi tsalle ta wuce. Ɗauki labarin 'yar bora da 'yar mowa. Mun saba: ta bora mai ladabi ce, ta yi biyayya ta samu arziki, ta mowa ta yi rashin kunya ta halaka. Amma wa ya raba gidan nan biyu tun farko? Maigidan da ya fifita ɗaki ɗaya ya wofintar da ɗaya kullum fita yake fes, ba mai ambatonsa. Ita kuma 'yar mowa yarinya ce da aka koya wa raini tun tana goye, sannan aka tura ta daji ta biya bashin da ba ita ta ci ba. Marubucin da zai shiga zuciyar wannan yarinya, ya bi uwarta da tsoronta na ranar da za a yi mata amarya ita ma ta koma bora, ya faɗa mana gaskiya game da gidajenmu fiye da littattafan attajiri da 'yar talakawa guda goma.

Akwai iyaka, kuma a garin Shehu ba sai an tuna wa kowa ba. Ƙissoshin Annabawa ba fagen ƙirƙira ba ne. Haka ban yarda a sa wa Shehu Usmanu ko Nana Asma'u maganar da ba su faɗa ba don labari ya yi armashi. Tatsuniya kuwa ita da kanta take shelar cewa ƙagagga ce, shi ya sa ake rufe ta da "ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya". Labaran da ke tsakani, irin na Kanta Sarkin Kabi da ganuwar Surame ko na Bawa Jan Gwarzo Sarkin Gobir, ana iya taɓa su, muddin marubuci ya bayyana tun a gabatarwa inda ruwaya ta tsaya da inda alƙalaminsa ya ɗora.

Waɗanda na fi sa wa rai su ne matan da ke rubutu a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad, daga unguwar Mabera har Runjin Sambo a Sakkwato. Sun riga sun tara masu karatu, kuma iyayensu da kakanninsu ne suka riƙe waɗannan labarai a tsakar gida shekara da shekaru. Shafin da nake jira ɗayarsu ta rubuta shi ne wanda Ƙoƙi za ta tashi da asuba tana hura wuta, Gizo bai kwana gida ba, ta leƙa zaure ta ga sawun kura a bakin ƙofa.