Alhaji Bai Yi Nadama Ba

Bayan la'asar ne a shagon Alhaji Bakano da ke Peckham, kudancin Landan. Takardar kwastan na kan kanta, Alhaji ya danne ta da kofin shayi kamar mai tsoron kada ta tashi ta yi magana.

DAKTA: Salamu alaikum. Alhaji, har yau kwalin shaddar bai iso ba?

ALHAJI: Yana hanya.

DAKTA: Yau kwana tara yana hanya. Daga Paris fa. Ko a kan jaki aka ɗoro shi ai da ya iso.

MUSHE: Yana Dover, Dakta. 'Yan duwan sun riƙe shi, sai an biya.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka? Kai Dakta, abin da ba ka gane ba, tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, wannan shi ake kira 'yanci. Da can kaya na faɗo mana kamar gidan da ba ƙyaure. Yanzu ƙasa ta san abin da ke shiga cikinta.

DAKTA: Ta sani kam, tunda har ta aiko maka da lissafi. Ɗaga kofin nan mu gani.

(Dakta Bazazzage ne mai digiri uku, babu na allura ko ɗaya a ciki. Da dare tasi yake ja. Ba a ba shi takarda ya mayar bai karanta ta da ƙarfi ba.)

DAKTA: Shadda ta fam 3,000, kuɗin dako fam 100. Kwastan kashi 8 cikin ɗari a kan 3,100, fam 248 ke nan. Sai VAT, harajin sayen kaya, kashi 20, shi kuma a kan jimillar ake ɗora shi har da kuɗin kwastan ɗin, wato a kan 3,348. Ya kama fam 669 da kwabo 60. Ladan wanda ya cike maka takardun daban yake.

ALHAJI: Haraji a kan haraji?

DAKTA: 'Yanci a kan 'yanci dai.

ALHAJI: Ba Boris Johnson, lokacin yana Firaminista, da bakinsa ya ce an yi yarjejeniya babu kuɗin fito ba?

DAKTA: An yi, a Disambar 2020. Amma da sharaɗi. Sai kayan sun zama 'yan asalin Tarayyar Turai, kuma an rubuta hakan. Shaddarka Getzner ce, a Ostiriya aka saƙa ta, ta cancanta. Dillalinka ne bai rubuta shaidar asalin kaya a jikin rasit ba. Layi biyu ne kacal. In kayan sun haura yuro 6,000 sai ya haɗa da lambarsa ta REX, ta rajistar masu fitar da kaya. Kai kuma lambarka ta EORI, wadda kwastan ke gane ɗan kasuwa da ita, mai farawa da GB, ka ba shi da harafi ɗaya a juye, shi ya ci maka kwana huɗu daga cikin taran.

ALHAJI: Yaron shago ne.

MUSHE: Ba ku da yaron shago, Alhaji.

ALHAJI: Da ina da shi, da shi ne.

DAKTA: Kuɗin kwastan ɗin kana iya neman a dawo maka da shi cikin shekara uku, in dillalin ya aiko da shaidar. VAT kuma da kana da rajista, ko biya ba za ka yi a bakin iyaka ba, a takardar lissafinka za ka shigar da shi ka cire.

ALHAJI: Rajista? In ɗauki ƙafata in kai kaina? Cinikina bai kai fam 90,000 a shekara ba.

MUSHE: A wane littafin, ja ko baƙi?

ALHAJI: Mushe, sunanka ma ya ishe ka magana.

(Mushe Badamagare ne mai fasfon Faransa. Malamin makaranta ne a Zinder kafin ya fito, inda ake ce wa malami "mushe" daga Faransanci, sunan ya bi shi har nan. Ya gaji da yi wa Kanawa bayanin cewa ba irin wancan mushen ba ne.)

MUSHE: To hajiyar nan ta Beljiyam fa, da ke sayen turmi goma duk salla? Ina ta shiga?

ALHAJI: Ta yi tafiya.

DAKTA: Ta koma saye a Paris. Shadda ta bar Turai ta shigo nan, an buɗe kwali an sake ɗaurewa. In za ta koma, ba 'yar Ingila ba ce tunda ba a nan aka saƙa ta ba, kuma ta rasa gatanta na 'yar gida sai da wata takardar dawowar kaya. Kashi 8 kuma a can. Shadda ta zama kamar agola, ba ta nan ba ta can.

ALHAJI: Dama ba ta biya da wuri.

DAKTA: Alhaji, don girman Allah, ka ce ka yi nadama mu huta. Ba kai kaɗai ba ne. A ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016, mutum miliyan 17.4 kuka dangwala a fita daga Tarayyar Turai, miliyan 16.1 suka ce a zauna. Kashi 52 da 48. Yanzu duk ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi, fiye da rabi cewa suke kuskure aka tafka.

ALHAJI: Su suka sani. Ni ban yi nadama ba. Nazari na yi.

DAKTA: Wane nazari? A jikin mota ka karanta.

ALHAJI: Mota ja, mai tsafta, rubutu manya-manya. Fam miliyan 350 duk mako muke aika wa Turai, a ba asibiti. Wane mai imani zai ga wannan ya ƙi?

DAKTA: Ka taso a garin da ake rubuta "Sai Haƙuri" a bayan tifa, kuma ka zo Landan rubutun mota ya yaudare ka. Gari na wayewa ranar 24 ga Yuni, washegarin zaɓen, Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman a fita, ya shiga talabijin ya ce shi ba zai iya ba da tabbacin kuɗin nan ba, kuskure ne aka yi alkawarin. Kafin azahar Firaminista Cameron ya ce zai sauka. Fam ɗin da ke aljihunka ya kwanta yana dala ɗaya da rabi, ya tashi a inda rabonsa da gani tun 1985.

ALHAJI: Azumi ake yi lokacin. Azumin sa'a goma sha takwas da ɗoriya. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya a ranar.

DAKTA: Ashe yunwa ce ta yi zaɓen.

ALHAJI: Ban ce ba! Cewa na yi duk da azumi da ruwa na fita. Har da birona na tafi, don an ce in ka yi da fensirinsu za su goge su mayar maka "a zauna".

MUSHE: Kaito. Da kun yi da fensirin, da yanzu akwai abin gogewa.

Alhaji ya yi kamar kiran waya ya shigo. Wayar na caji a bayan kanta, a kashe.

MUSHE: Ni abin da ke ci mini rai, shekarata goma sha biyar a garin nan lokacin, ina biyan haraji, aka ce mai fasfon Faransa ba ya zaɓe. Alhaji kuwa da koren fasfonsa, don Najeriya na cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, aka miƙa masa takarda ya yanke hukunci a kaina. Sai ga ni ina neman izinin zama a gidan da nake biyan haya. Ka ɗora waya a kan fasfo, ka ɗauki hoton fuskarka, ka kawo shaidar shekara biyar, kafin 30 ga Yunin 2021. Da farko ma manhajar ba ta karanta fasfo a iPhone, sai da na ari wayar Alhaji.

ALHAJI: Ka ga amfanina.

MUSHE: Ko kati ba su ba mu ba. Izinin yana cikin kwamfuta. Ranar da ta yi fushi, ni baƙo ne.

ALHAJI: Ni ba don kai na yi ba. An ce mana in aka rufe wa 'yan Folan ƙofa, za a buɗe wa namu. 'Ya'yan 'yan'uwana bakwai ke jira a Fagge. Kuma an buɗe! Ƙarya na yi, Dakta?

DAKTA: Nan kam ka yi gaskiya. Daga 2021 'yan Najeriya sun shigo da yawa, ɗalibai da masu kula da tsofaffi. Yawan baƙi da aka yi zaɓen don a rage, daga wajen 330,000 a shekara ya haura 900,000 a 2023.

ALHAJI: Ka ji! Rubuta ka ajiye, Bazazzage ya ce Bakano ya yi gaskiya.

DAKTA: Bari in ƙarasa. Da waɗanda kuka yi layi tare suka ga baƙin da suka zo sun fi na da duhu, sai ihu ya tashi. Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali. Maris aka hana masu kula da tsofaffi. Afrilu aka ɗaga albashin da ake buƙata don bizar aiki daga fam 26,200 zuwa 38,700, na kawo mata ko miji daga 18,600 zuwa 29,000. Kuɗin asibiti da baƙo ke biya a kan biza, daga 624 a shekara ya koma 1,035. Cikin bakwai ɗin nan nawa suka zo?

ALHAJI: Ɗaya.

DAKTA: Yana ina?

ALHAJI: Ya wuce Kanada. Yaron dama ba ya jin magana.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da fasfo, ya shafa shi a hannun riga. Wannan ne makaminsa na ƙarshe, kuma kowa a layin ya san shi.

ALHAJI: Duba nan. Shuɗi. Namu na kanmu.

MUSHE: Baƙi ne, Alhaji.

ALHAJI: Shuɗi ne mai nauyi.

DAKTA: Kamfanin Faransa da Holan aka ba kwangilarsa, a Folan ake buga shi. Kuma da shi kwana 90 kawai kake da su cikin kowane 180 a yawancin ƙasashen Tarayyar Turai. Ba daga Janairu ake ƙirgawa ba, daga ranar da kake tsaye ake waiwayawa baya. Sai kuma ya zama bai shekara goma da bugawa ba ranar shiga, da sauran wata uku a kansa bayan ranar fita. Mushe ya bi layin 'yan gida ya wuce, kai kana bayan mutanen jirgi uku.

MUSHE: A ba shi labarin kilishin.

ALHAJI: Ba a ƙwace ba. Kyauta na ba su.

DAKTA: Ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga nan, ko a cikin burodi ne. A Janairun 2021 jami'an Holan har burodin direbobi mai nama suka karɓe. Kai ka ɗauki kilishi ƙunshi huɗu kana ce wa jami'i ai busasshe ne.

ALHAJI: Har ya yi murmushi. Turawa na son kilishi.

Nan Hajiya ta shigo da kwanon abinci, ta dire shi da ƙarfin da ya sa kofin ya yi tsalle.

HAJIYA: Sannunku Dakta. Zancen ne dai? Ku tambaye shi Satumbar 2021. Mun baro layin mai a Kano, muka zo muka yi shi a Landan, da jarka a hannu. Ba direbobin tanka, har gwamnati ta koma roƙon waɗanda aka kora da bizar wucin gadi guda 5,000. Sai tumatir, 2023, wai uku kacal mutum zai saya. Miyar gida takwas da tumatir uku!

DAKTA: Hajiya, na tumatir kam har da sanyin da aka yi a Sifaniya da Maroko, da tsadar gas.

ALHAJI: Allahu akbar! Sau biyu ke nan yau. Sanyi ne! Ni na kawo sanyi?

HAJIYA: Firaminista shida daga 2016 zuwa 2024, wata ma ganyen latas ya fi ta daɗewa. Su ma sanyin ne?

ALHAJI: Wannan ai alamar dimokuraɗiyya ce mai lafiya. A wani wurin mutum ɗaya sai ya shekara arba'in.

HAJIYA: To mai lafiya. Dakta, a 2019 da mutum miliyan shida suka sa hannu a intanet a fasa fitar, wa ka ke jin ya tashe ni ƙarfe biyun dare in nuna masa inda ake dannawa?

ALHAJI: Gwadawa na yi in ga ko shafin na aiki.

HAJIYA: Sau biyu. Da imel ɗina da nasa.

ALHAJI: Yana aiki kuwa.

Shiru ya ɗan ratsa. Hajiya ta fita, Mushe ya bi ta da dariya har bakin titi. Alhaji ya leƙa ya tabbatar sun yi nisa, sannan ya matso da kujera, ya sassauta murya.

ALHAJI: Dakta, wata tambaya ce, ba tawa ba, ta wani abokina. Fasfon Ayalan ɗin nan da ake ta rububi, mai shiga ko'ina, ya ake samunsa?

DAKTA: Sai in kakan mutum, na wajen uwa ko na uba, a tsibirin aka haife shi. Ya kawo takardar haihuwar kakan, da ta mahaifi, da tasa, a shigar da shi rajistar waɗanda aka haifa a waje.

ALHAJI: To shi abokin nawa, kakansa ya yi wa wani Bature ɗan can kuku a Bompai. Shekara goma sha biyu. Kamar ɗa ya ɗauke shi.

DAKTA: Ba ya cikin lissafi.

ALHAJI: Har agogo ya bar masa.

DAKTA: Alhaji, ba ya ciki.

ALHAJI: Agogon na nan fa, yana aiki.

DAKTA: Abokin naka nadama yake yi ke nan?

ALHAJI: Shi? Ko kusa. Mutum ne mai nazari. Miƙo mini takardar can. A ina ka ce dillalin zai rubuta layi biyun?