Wanda ke kwance a bakin titi ɗan wani ne

Kun dai ga bidiyon da ke yawo tun jiya, kuma don girman Allah kada wanda ya sake turo min shi. Bawan Allah kwance a bakin titi, jini na zuba, yana ɗaga hannu, samari sun kewaye shi kowa da waya a sama. Har wani na cewa a matsa, an tare masa haske. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da zarar an ɗaga wayar nan, wanda ke gabanka ya tashi daga ɗan Adam ya koma fim. Ba a tunanin yana da uwa, ba a tunanin matarsa na iya buɗe WhatsApp ta gan shi kafin dattawan gida su zo su zaunar da ita su faɗa mata. Ɗan wani ne fa, jama'a.

Haka aka yi a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu. Kafin a yi musu sutura hotunan gawarwakinsu sun gama gari. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja ma, Janairun 2025, hakan aka maimaita. Addininmu ya ce a suturta mamaci, mu kuma muna tura shi daga guruf zuwa guruf.

Wai don ya zama izina. Izinar me? Wanda ganin likkafani bai girgiza shi ba, bidiyo ba zai girgiza shi ba. Masu cewa ai intanet ne kawai kuwa, su tambayi mutanen Filato. A Yunin 2018 aka yaɗa hoton wani jariri da aka sassara a Facebook, aka ce a can ne. Binciken BBC ya nuna tsohon hoto ne da ya riga ya bayyana a Facebook watanni kafin nan. Amma matafiyan da aka tare a hanya aka kashe bayan yaɗuwar hoton, rayukansu na gaske ne, marayunsu na nan.

In ba za ka iya ɗaukar wanda ya ji rauni zuwa asibiti ba, kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra, kyauta ne. Wayar tana hannunka.

Ku kuma masu kula da guruf na dangi, wai mene ne aikinku? In an turo tallar atamfa nan take ku goge, ku yi faɗa, amma hoton gawa sai ya kwana uku yara na buɗewa.