Kolmani ba rijiyar tsakar gida ba ce

Wai har yanzu ana tura wannan muryar ta WhatsApp, wadda wani ke rantsuwa cewa da gangan aka toshe rijiyoyin mai da gas na Kolmani don kada Arewa ta yi arziki? Har da manyan mutane masu furfura a cikin masu turawa. Sannunku da ƙoƙari, injiniyoyin majalisa!

Gano gas daban, fito da shi daban. Ba rijiyar tsakar gida ba ce da za a zura guga yau a sha gobe.

Rijiyar da aka haƙa a 2019 a kan iyakar Bauchi da Gombe ta haura ƙafa 13,000 zurfi, sama da kilomita 4 ke nan a cikin ƙasa. Kuma duwatsun kwarin Binuwai, inda Kolmani take, tsofaffi ne, sun lanƙwashe, sun kakkarye, ga narkakken dutse da ya kutsa tsakaninsu ya daskare. Sai ka samu gas a nan, ka matsa gaba kaɗan ka haƙa, ka tarar da wayam. Shell ta haƙa a wurin tun 1999, ta ga gas ɗan kaɗan, ta tattara kayanta. A yankin Tafkin Chadi rijiyoyi 23 aka haƙa, biyu kacal suka nuna alamar gas. Su ma toshe su aka yi?

Ga wanda ya fi ba ni haushi, don ba a taɓa faɗarsa. A can ƙasa, cikin zafi da matsi, abin iska ne. Da ya taso ya huce sai wani sashensa ya koma ruwa, mai kama da kananzir, shi ne kwandanset. In aka yi gaggawar zuƙowa matsin ya faɗi, ruwan nan a cikin dutsen zai taru ya cike 'yan ƙofofin da gas ke bi. Rijiya ta shaƙe kanta da kanta, an yi asarar maƙudan kuɗi.

Na san za a ce ai Buhari ya je da kansa a Nuwamban 2022, an ambaci gangar mai biliyan 1. To sai me? Ƙiyasi ne, kuma yanka kyalle ba ya huda dutse. Filin man Bonga ma da ke cikin teku, da duk kuɗin Turawa, kusan shekara goma ya kwashe kafin ya fara ba da mai a 2005. Masu cewa ina kare gwamnati kuwa, Allah ya ba ku haƙuri.

Tsakani da Allah, ni abin da ke ci mini rai shi ne Sharaɗa da Challawa da Bompai, unguwannin masana'antun Kano da rashin wuta ya durƙusar. Gas ba ya shiga jarka, sai da bututu da wurin tacewa da mai saye. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da shi. Wannan ne ya kamata mu tasa 'yan majalisarmu gaba a kansa, ba muryar wani da ko sunansa ba mu sani ba.

Af, tunda ana maganar gas: wa yake ba da izinin buɗe shagon ɗura tukunya a cikin lungu? A layinmu akwai ɗaya manne da mai tsire, yara na wucewa islamiyya ta tsakaninsu. Mai unguwa, don Allah a leƙo.