"Ai Ya Girma": Yadda Muke Yar Da 'Yan Riƙonmu

Shekaranjiya bayan sallar asuba na tarar da wani saurayi kwance a barandar masallacin unguwarmu, ya yi matashin kai da jakar bakko. Da ya ɗago sai na gane shi. Yaron da aka kawo wani gida a layinmu ne yana ɗan shekara 6, bayan rasuwar mahaifinsa. Tsawon shekara 13 shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai markaɗe, shi ne raka yaran gidan makaranta. Na ce, "Kai, me ya kwantar da kai a nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an ce na girma, in je in nemi na kaina." A cikin bakkon nan riga uku ce da takardar gama firamare.

'Yan uwana magidanta, da ku nake. Wannan kalma ta "ai ya girma" ita ce ta hana ni barci. Lokacin da yake wanke maka mota bai girma ba, lokacin da uwargida take aikensa kasuwa da tsakar rana bai girma ba, sai da ya fara buƙatar kuɗin jarrabawa da ɗakin kwana sannan ka ga gemunsa. An ci moriyar ganga an yar da kwauronta ke nan. Ɗanka na cikinka yana da shekara 27, har yanzu kai kake saya masa katin waya, ba ka taɓa cewa ya girma ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Wasu har fakewa suke da doka, wai dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce yarinta ta ƙare a shekara 18. To ku duba Suratun Nisa'i, aya ta 6. Allah cewa ya yi a jarraba marayu har su isa aure, idan an ga hankali ya zauna musu, sai a miƙa musu dukiyarsu. A jarraba, wato a koya musu juya kuɗi da riƙe kai tun suna hannunka, sannan a sallame su da wani abu a hannu. Mu kuwa babu koyarwar, babu miƙawar, wani ma gonar uban yaron tuni ya sayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ba ka kai shi wajen tela ko kafinta ko bakanike ba, da me zai nemi na kansa?

Haka muke yi wa na gidajen marayu. Azumi ya kama, mu kai buhun shinkafa, mu rungumi jarirai a ɗauke mu hoto a watsa a Facebook. Wa yake tambayar ina 'yan shekara 19 suke? Saurayi zai rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, gaba kuma a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, shi ko ba shi da wanda zai tsaya masa gaban mai unguwa. Ya zo neman aure, mu ne masu cewa "ba mu san asalinsa ba". Alhali kuɗin da muke ƙonawa a dina ɗaya da liƙi ya isa ya kafa wa marayu biyar jari. Wannan almubazzaranci ma abin magana ne na daban.

Da ba haka riƙo yake ba. Goggo in ta ɗauki yarinya, ita ce tarbiyyarta, ita ce kayan ɗakinta da gararta, ta haihu ma gidanta za ta zo wankan jego. Kawu in ya riƙi yaro, sai ya yanka masa gona, ya gina masa ɗaki a cikin gida, ya nema masa aure, har baƙo ba ya iya bambance ɗan riƙo da ɗan gida. A lokacin abin kunya ne a ji ɗan riƙonka ya kwana a waje, dattawan unguwa ma ba za su bar ka ba. Yau riƙon sakainar kashi muke yi, kowa ya zuba ido.

Yaron nan yanzu yana kwana a zauren liman. Jiya na ga mai gidan da ya kore shi a sahun farko, suka haɗa ido, yaron ne ya durƙusa ya gaishe shi.