Dala tiriliyan 1 ko rufin asiri?

Duk sanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman bunƙasar tattalin arziki, sai 'yan kanzagin gwamnati su cika gidajen rediyo da guɗa, suna tuna mana burin Shugaba Tinubu na kai arzikin Najeriya dala tiriliyan 1 nan da 2030. Ni dai kiɗan ya ishe ni, don mun taɓa taka wannan rawar. A watan Afrilun 2014 aka sake lissafi, muka wayi gari Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu da arzikin sama da dala biliyan 500. A 2022 kuma hukumar nan dai ta leƙa makaranta, asibiti, ruwan sha da abin da ake hura wuta da shi, ta dawo ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci, kashi 65 cikin ɗarinsu kuma a Arewa suke.

Ku saurari addu'ar dattawanmu bayan sallah. Lafiya suke roƙo, da zaman lafiya, da rufin asiri. Rufin asirin nan shi ne magidanci ya kai matarsa awo ba tare da ya ci bashi ba, ya yanka ragon suna, ya kwana a gidansa babu fargabar 'yan bindiga, in an yi rasuwa a ƙauye ya samu kuɗin motar zuwa gaisuwa. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta taɓa haura 1,000, zumuncin ya koma WhatsApp. Ɗa a Kano, uwa a Gumel, sai dai saƙon murya. A wane shafin lissafinsu aka rubuta wannan asarar?

Masu cewa a yi haƙuri tukunya ta nuna kafin a raba, ai su tuni sun ɗebi nasu da zafinsa.

Ba na gaba da bunƙasa. Aljihu wayam ba ya gina asibiti. Amma kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru tun bayan cire tallafin, gwamnoni da dama kuma gadar sama kawai suka sani, ko da a garin da babu cunkoso. A kai kuɗin asibitin sha-ka-tafi, a biya malaman firamare, a zuba motocin haya masu rahusa tsakanin birni da ƙauye. In an yi haka, ni ma zan zo guɗar.